Motar da Aka Toshe wa Hanci

Ranar Talata ce, ƙarfe ɗaya saura kwata, muna daidai shataletalen gaban babbar kasuwa, na ji iskar kilim, wato na'urar sanyaya motar, ta sauya. Da farko ɗumi-ɗumi, kamar numfashin akuya. Kafin mu wuce layin mahauta ta koma kamar an buɗe mini bakin tanda a fuska. Na murɗa, na danna, na kashe na sake kunnawa. Ba abin da ya ƙaru sai kukan fanka.

Wanda bai taɓa yin watan Afrilu a Garwa ba, ba zan ɓata yawuna wajen yi masa bayani ba. Lokacin ne ruwan famfo ke fitowa sai ka bar shi ya huce kafin ka yi alwala. Ni kuwa ga ni cikin akwatin ƙarfe, gilasai huɗu a rufe, da marar lafiya a kujerar baya.

Na duba madubi. Alhaji, maigidana, ya jingina kai, gumi na bin gefen fuskarsa yana ɗiga a wuyan riga, hannun da zai share kuma ba ya ɗaguwa.

"Alhaji, bari in sauke gilas kaɗan."

"A'a."

"Kaɗan fa. Yatsa biyu."

"Na ce a'a."

Harshensa ya yi nauyi tun da ciwon ya same shi, amma a'arsa ba ta taɓa yin nauyi ba.

Shekara arba'in mutumin nan ya yi yana fawa a kasuwar. Rabin masu riƙe da wuƙa a layin da muke wucewa shi ya koya musu inda gaɓa take. Da ƙarfinsa, shi da mutum ɗaya suke kayar da bijimi. Sai hawan jini ya kayar da shi wata safiya a bakin rijiya, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Da likita ya ce sai an riƙa kai shi asibiti ana motsa masa jiki sau uku a mako, sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada ido ya gan shi a hanya. Ba zai hau babur a riƙe shi kamar buhu ba, ba zai shiga tasi a matsa masa ana sannu-sannu ba, ba zai yarda yaran da ya raina su leƙo ta taga su ga yawu a gefen bakinsa ba. Ko wace hanya ka bi a garin nan kuwa, akwai wanda ya taɓa sayen tsoka a hannunsa.

Motar ce ta raba mu da wannan gardama. 'Yarmu ta biyu, wadda ke aiki a Duwala, ita ta aiko mana da ita. 'Yar ƙarama ce, fara, gilasanta masu duhu, ba ta shan mai. A bango nake jona ta kamar waya, in an kawo wuta. Ni ke tuƙa ta, don na koyi tuƙi ina da shekara hamsin da biyu, duk wanda ya yi dariya a lokacin kuma na riga na ba shi amsarsa. Nakan shigar da ita har tsakar gida, a ɗora Alhaji, in fitar da shi ba wanda ya gani.

Talata, Alhamis, Asabar, ƙarfe ɗaya na rana. Lokacin da matar da ke motsa masa jiki ke da sarari ke nan, ba ta da wani. A can asibiti kine suke ce mata. Wata huɗu tana fama da shi, daga ba ya iya zama sai an tokare shi har ya kai yana yin taku shida da sanda. Shida. Ni na ƙirga da bakina, ina kuka ina ɓoyewa. Ta kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa ƙafar nan kamar danƙo take, in aka bar ta mako biyu za ta sandare, a koma farko, mai shekarunsa kuma ba lallai ya yarda ya sake farawa ba.

To ran nan dai mun isa a jiƙe. Washegari da sassafe na kai motar wurin makanikin da ya shekara ashirin yana gyara wa Alhaji tsohuwar motar ɗaukar nama. Ya buɗe gaba, ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Hajiya, ina injin?"

"An sace a hanya," na ce masa. "Tun daga Duwala a kan addu'a take tafiya."

Bai yi dariya ba. Ya zura hannu yana laluben bel ɗin da ke juya kwampuresa, injin da ke tura gas ɗin kilim, bai samu ba. Ya zagaya ya leƙa ta baya ko can aka ɓoye shi. Sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu, ya yi mini irin kallon da maza ke yi in ba su gane abu ba amma sun ƙudura ba za su faɗa ba.

"Ai kilim ciwonta ɗaya ne, ko a jirgin sama take. Gas."

"Ka auna ka ga ya ragu?"

"Hajiya, tun ana goya ki nake wannan aiki."

Ƙarya yake, na girme shi da shekara goma. Amma na bar shi, don ina son in yarda. Ya jawo tukunyar gas ya ɗura mata. Ƙarfe takwas na safe ne, rana ba ta yi ƙarfi ba. Muka kunna, sanyi ya fito. Ya buɗe hannuwa kamar wanda ya fito da jariri. Na yi godiya, har na ji kunyar baƙar maganar da na yi masa.

Alhamis, ƙarfe ɗaya saura, a shataletalen nan dai, tanda ta sake buɗewa. Wannan karon har da ƙari. Wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana, da hoton kunkuru. Kunkuru sosai, da ƙoƙon bayansa da 'yan ƙafafu. Ina taka ta tana jan jiki. Babura na wuce mu suna oda, wani mai turin amalanken ruwa ya jera da mu har yana ƙoƙarin leƙen gilas. Tafiyar minti goma sha biyar ta ci mana kusan arba'in. Da muka isa, kine ta ɗaura wa Alhaji abin awon jini, ta duba, ta kwance, ta ce yau ba za ta taɓa shi ba. Ta kwantar da shi ƙarƙashin fanka har la'asar sannan ta sallame mu.

Da muka dawo gida, ƙaninsa ya taimaka aka kwantar da shi, ya juya fuska bango.

"Ba zan ƙara shiga tukunyar nan ba."

"Za a gyara, Alhaji."

"In mutu a kan gadona ya fi."

Na san shi. Ba ya faɗin magana don a lallashe shi.

Juma'a da safe na nufi unguwar Yelwa, wurin wani mai gyaran firji da kilim da aka ce ya yi makaranta. Yana da riga mai aljihu da biro uku a ciki, Faransanci yake yi wa kowa har da akuyar maƙwabta. Madam yake ce mini. Shi dai ya auna, na ba shi wannan. Ya jona agogonsa, ya dubi allurar, ya yi tsaki, ya ce wane jahili ne ya cika mata gas har wuya haka. Ya rage ya daidaita. Sannan ya kara kunne ya saurari ƙugin da ke fitowa daga ciki, ya ce kwampuresa ce ke jin ƙishin mai. Ya shiga shago ya fito da wata kwalba da ta sha hannu, wadda na ga alama da ita yake shayar da kowace mota a garin.

Yana cikin kwance murfin ne idona ya faɗa kan wata takarda da aka liƙa a cikin murfin gaban motar, kusa da wasu manyan wayoyi masu ruwan lemo. Rubutu ne ƙanana da Faransanci, da alamar walƙiya. Ni kuma tun da na iya karatu ba na wuce rubutu. Ko takardar ƙunshin ƙosai ce sai na karanta.

"Dakata," na ce.

"Madam?"

"Na ce dakata. Ajiye kwalbar nan."

Na ciro tabarau, na sa yatsa a kan layin farko, na fara bi baƙi-baƙi da ƙarfi, yadda nake yi, don ban iya karatun zuci ba har yau. Abin da takardar ta ce shi ne, kwampuresar wannan mota da wutar babban batir take aiki, mai irin nata kaɗai ake zuba mata, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. In aka zuba na sauran motoci, wuta za ta iya bi ta jikin ƙarfe, motar ta ƙi tashi, ko ta kama wanda ya taɓa. Akwai lambar man a ƙasa. Na ce ya juyo kwalbarsa mu gani. Ba su yi kama ba ko a baƙi ɗaya.

Ya dube ni, ya dubi takardar. "Madam, wa ya gaya miki abin da ke nan?"

"Yanzu a gabanka na karanta. Ko kunnenka ma yana jin ƙishin mai?"

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin manya, bayan na aurar da 'yata ta fari. Abin da ya kai ni, wata takarda ce aka aiko daga makarantar autana, na yi kwana uku ina yawo da ita a bakin zane ina neman mai karanta mini, ashe cewa aka yi in zo jiya. Shekara huɗu ina zama a kan bencin yara da yamma, gwiwoyina na taɓa haɓata, malamin sa'an ɗana yana gyara mini baki. Matan unguwa suna cewa tsohuwa za ta zama gwamna. Ban zama gwamna ba. Amma ran nan a Yelwa, da ban zauna a bencin nan ba, da mai biro uku ya kashe mini mota da hannunsa, in kuma yi masa godiya.

Ya rufe kwalbarsa yana cewa shi dama gwadawa zai yi. Ya ce in ba mai ba ne to kwampuresar ce ta mutu, sai an aiko da wata daga waje, wata biyu ko uku. Na ja motata na tafi. Da rana ta take na gwada ta a ƙofar gida. Zafi.

Asabar ta wuce ba mu je ba. Talata ma haka.

A kwanakin nan ba irin shawarar da ban sha ba. Maƙwabciyata ta ce baki ne, mota fara a unguwa irin tamu, in samo rubutu a yayyafa wa tayoyi. Na kira 'yar tawa a waya, ta ce, "Inna, ki sa a ɗoro ta a babbar mota a kawo Duwala, akwai masu na'urar dubawa." Na ce mata ƙafar ubanta ba za ta jira motar ta je Duwala ta sha iskar teku ta dawo ba. Shi kuwa ƙanin Alhaji, dillalin shanu ne, kullum da yamma yana gidan, yana zaune a kan tabarma yana shan shayina yana ba ni hukunci. Tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya, amma a makon nan wasan ya fara yi mini ɗaci.

"Matar Yaya, ni fa tun farko na faɗa. Abin da ba ya shan mai ba ya tari ba ya hayaƙi, wannan ba mota ba ce, rediyo ce mai taya."

"Da kake aronta kana zuwa kasuwar ƙauye kana yi wa Fulani fankama, ba ka ce rediyo ba ce."

"Sau ɗaya! Sau ɗaya na ara, za ki yi mini gori har kabari."

Na aika aka nemo mini motar haya mai sanyi. Wadda aka samu gilasanta farare ne tas, direban kuma ɗan wani tsohon abokin Alhaji ne. Da na faɗa wa Alhaji, ya juya fuska bango. Na roƙi kine ta zo gida, ta ce ƙarafan da yake dafawa da na'urar da ke ja masa ƙafa ba sa ɗaukuwa. Ta koya mini abin da zan riƙa yi masa da hannu. Ina yi, amma ina ji a tafina ƙafar na ƙara tauri, kamar reshen da aka sare aka bar shi a rana.

Da hantsin Laraba ne na tuna akwai wani littafi a aljihun gaban motar, mai kauri, har yanzu a cikin ledarsa. Ba wanda ya taɓa buɗe shi. Maza biyu sun buɗe cikin motar, ba wanda ya buɗe littafinta. Na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, na ɗauko ƙamus ɗina na makaranta da ya rabu biyu, na zauna.

Ba zan ce na ji daɗi ba. Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa tunanin irina za ta karanta ba. Kalma ɗaya sai ta ci mini minti biyar, in na samo ta a ƙamus kuma fassarar ta fi ta wuya. Na ƙona miya. Na yi tsawa ga duk wanda ya yi sallama. Amma na nemo hoton kunkurun, na bi shi shafi-shafi. Ya ce kunkuru na fitowa in batir ya yi zafi, sai motar ta rage ƙarfinta da kanta. Ya ce kilim ɗin da ke sanyaya mutane ita ce kuma ke sanyaya batir, in zafi ya yi yawa batir ake fara ba wa, mutanen ciki su yi haƙuri. Wato ni da Alhaji muna dahuwa, ita tana yi wa batirinta fifita.

Sai da la'asar na kai ga wani zane. An zana motar ta gaba, da kibau shuɗɗa suna shiga ta wata doguwar kafa a ƙarƙashin lamba, can ƙasa kusa da ƙasa. A gefe an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a toshe wannan kafa da komai, a riƙa share ta, don ta nan kaɗai iska ke shiga ta kwashe zafi.

Na tsaya ina tunani. Ni dai ban tuna na taɓa ganin wata kafa a gaban motata ba. Amma kuma yaushe rabon da in durƙusa a gaban mota? Na jawo tabarmar har gabanta, na tattare zane, na kwanta rubda ciki da shekaruna da ƙibata, na leƙa.

Ba kafa. Farantin ƙarfe ne, baƙi, sumul, daga wannan gefe zuwa wancan, an lanƙwasa shi ya shige ƙarƙashi, an ɗaure da kusoshi shida sababbi fil. Aiki mai kyau. Har fenti aka yi masa ya dace da robar da ke kewaye, yadda in kana tsaye ba za ka taɓa lura ba. Na dubi zanen, na dubi ƙarfen. Na ƙwanƙwasa shi da zobena.

A haka ƙanin Alhaji ya shigo ya same ni.

"Subhanallahi! Matar Yaya, faɗuwa kika yi?"

"Zo nan. Durƙusa."

"Da babbar rigar?"

"Durƙusa na ce. Mene ne wannan?"

Ya leƙa, sai fuskarsa ta washe. Wallahi washewa ta yi. "A'a, sai yau kika gani? Ai ni na sa aka yi miki. Ban faɗa ba ne don ba na son godiya."

Na tashi zaune a hankali, don in na tashi da sauri ban san abin da hannuna zai yi ba.

Ya ba ni labari yana murmushi. Ranar Lahadin da ya are ta zai je ganin wasu shanu a wata ruga ta wajen Bibemi, ya tsaya wurin mai waldan da ke yi wa dillalai aiki. Duk motar da ke shiga daji a cikinsu sai an sa mata faranti a ƙarƙashin hanci saboda duwatsu da kututture, haka suke yi tun iyayensu. Balle wannan da aka ce batirinta a ciki yake kamar mai juna biyu, dutse ɗaya ya isa. Mai waldan ya ce a sauran motoci yakan huda ramuka a farantin don injin ya sha iska.

"Sai na ce masa, wannan ai ba ta da inji, iskar me za ta sha? Ramuka ƙura kawai za su shigar. Shi ma ya ce gaskiya ne. Kin ga har ya fi kyau a haka."

"Ranar Lahadi."

"Lahadi."

"Talata kilim ta mutu."

Na ga lissafin yana shiga masa a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa.

"Kwana tara," na ce. "Kwana tara kana zaune a kan tabarmata kana shan shayina kana ce mini rediyo. Ka ga na je wurin mai gas. Ka ga na je Yelwa. Ka ɗauki yayanka da hannunka ran Alhamis yana kamar gawa. Bai taɓa zuwar maka ba ka ce, af, ni fa na sa an liƙe mata hanci?"

"To ni ina zan san tana numfashi? Matar Yaya, don Allah, abin da ba shi da inji..."

"Kai ma ba ka da inji. Kawo tsumma in toshe maka hanci mu gani."

Daga ɗaki muka ji wani sauti. Na ɗauka tari ne ya sarƙe Alhaji, na yunƙura zan tashi. Ashe dariya ce. Rabon da in ji ta tun kafin ya faɗi, ta fito a karkace, rabi dariya rabi haki, amma ita ce. Ban bari ta sanyaya mini zuciya ba, don ban gama da ƙaninsa ba.

Alhamis tun da hantsi ya zo da mai waldan a bayan babur. Mai waldan ma da bakinsa. Ya ce aikinsa ba ya kashe mota, shekara nawa yana yi ba a taɓa dawo masa da faranti ba, in dai iska ce ai sai ya huda ramuka biyar ko shida a bar shi a wurin. Na buɗe littafin na ɗora masa a gwiwa, na nuna masa kibau. Ya ce shi ba ya karatun Nasara. Na ce ai kibiya ba ta da yare. Ya kwance kusoshin yana gunaguni da Fulatanci, yana zaton ba na ji. Na amsa masa da Fulatancin, ya ƙarasa aikin shiru.

Da farantin ya faɗo, ga kafar nan, doguwa, kamar yadda aka zana. A bayanta kuma, jikin wani abu mai kama da saƙar zuma, ƙaiƙayi ne da audugar da manyan motoci ke zubarwa a hanya da fukafukan fara, sun yi kitse. Wannan kam ba laifin kowa ba ne sai nawa, tun zuwan motar ban taɓa sharewa ba. Na sa tsohon buroshin haƙori da ruwa a buta na wanke a hankali, don littafin ya ce ƙarafan sirara ne, suna lanƙwashewa.

Na ƙi gwada ta da safe. An riga an yi mini wannan wayon sau ɗaya. Na fitar da ita cikin rana na bar ta ta gasu har sha biyu, sannan na sa ƙanin Alhaji ya shiga baya, na rufe gilasai, na zagaya da shi ta shataletalen kasuwa sau uku. Kunkuru bai fito ba. A zagaye na uku ya ce in taimaka in rage, yana da mura. Na ce ya yi haƙuri, rediyo ce, ba ta ji.

Saura Alhaji. Na shiga ɗaki ƙarfe sha biyu da rabi, yana kwance fuska a bango.

"An gyara. Tashi mu tafi."

"Haka kika ce wancan karon."

"Wancan karon ban san ciwon ba."

"Ki bar ni."

Ban yi gardama ba. Na fita, na zauna a motar, na kara tafin hannuna biyu a bakin kilim har yatsuna suka fara tsami. Na dawo da sauri na ɗora masa su a wuya, ta ɓarin da yake ji. Ya zabura.

"Ke!"

"Daga motar na ɗebo. Ƙarfe ɗaya saura minti ashirin, rana na tsakiyar ka. In ƙarya nake, ga ƙaninka can yana atishawa, tambaye shi."

Ya shafa wuyansa da hannun hagu. Sannan ya ce a miƙo masa hularsa.

Kine ba ta yi mana da sauƙi ba. Ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta dube ni ta saman tabarau ta ce zuwa biyu muka tsallake, wancan na ukun kuma bai yi komai ba, me nake tsammani? Na buɗe baki zan ba ta labarin faranti, sai na ga tsawonsa, na rufe. Ta tsayar da shi tsakanin ƙarafan nan biyu. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ya yi na uku, a na huɗu gwiwar ta ƙi, ya zauna a kujerar da ta tura masa yana haki. Uku. Rabin aikin wata huɗu ya tafi a kan ƙarfen da aka sa mini don alheri.

Na zaci zai ce shi ke nan. Na shirya abin da zan faɗa masa, mai zafi. Ya share bakinsa da hannun hagu, ya dubi matar, ya tambaye ta da nauyin harshensa ko Asabar ma ƙarfe ɗaya ne. Ta ce ƙarfe ɗaya.

A hanyar komawa, muna wuce layin mahauta, gilasai a rufe, yana kallon yaransa ta cikin duhun gilas suna sara suna awo. Can ya ce, "Sanyin ya yi yawa. Rage."

Na miƙa masa mayafina ta baya. Ban rage ba.